Na'urar Da Ta Yi Ta Sauraren Wutar Gari Maimakon Iskar Rana: Nazarin Wani Bincike Daga Katsina Zuwa Daura

Asalin lamarin

Wanda abin ya shafa malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, yana kuma karatun digiri na biyu a gefe. A ƙarshen 2023 aka ba shi aron magnetomita, wato na'urar auna filin maganaɗisun duniya, irin mai auna fuskoki uku: arewa, gabas da ƙasa. Tare da ita akwai ɗan akwati mai naɗar awo sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Tambayar da aka ɗora masa gajeriya ce. Ƙananan kaɗawar nan da filin maganaɗisu ke yi, ana ganinsu a Katsina? In ana gani, wane hali na iskar rana ne ke tayar da su?

Rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Ba dare ba rana tana fesar da ƙwayoyi masu cajin lantarki, galibinsu furoton da ilektiron, masu gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa, suna jaye da wani siririn filin maganaɗisu na ita kanta ranar. Wannan ce iskar rana. Eugene Parker ya yi hasashenta a 1958, kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962. Idan ta iso duniya sai ta ci karo da filin maganaɗisunmu, ta danne shi ta ɓangaren da ke kallon rana har iyakarsa ta tsaya wajen kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya, ta kuma ja shi ya yi doguwar jela ta ɓangaren dare. Wannan kewayen ake kira magnetosfiya, kuma ba ya zama shiru. Yana kaɗawa a hankali, kaɗawar tana yaɗuwa ta irin igiyoyin da Hannes Alfvén ya fara bayyanawa a 1942, har wani kaso nata ya sauko ƙasa.

Tun 1964 masana suka raba waɗannan igiyoyi bisa tsawon lokacin da kaɗawa ɗaya ke ɗauka. Masu ɗorewa da tsari ana ce masu Pc: Pc3 na ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 45, Pc4 daƙiƙa 45 zuwa 150, Pc5 kuma daƙiƙa 150 zuwa 600. Masu tasowa su mutu da wuri ana ce masu Pi, kuma Pi2, mai daƙiƙa 40 zuwa 150, ta dare ce. Wahalar aikin tana wajen girma. Da nanotesla ake auna ƙarfin filin maganaɗisu, kuma a Katsina ya haura nanotesla 30,000, amma Pc3 a irin yankinmu sau da yawa ba ta cika nanotesla ɗaya ba, Pc5 kuma 'yan ƙalilan ne.

Abin ya cancanci wahalar. Igiyoyin Pc5 na cikin abubuwan da ke ƙara wa ilektiron kuzari a zoben Van Allen na waje, wato wani ɗamarar ƙwayoyi masu caji da filin maganaɗisu ya riƙe a kewayen duniya, inda taurarin ɗan'adam na sadarwa irin NigComSat-1R ke zaune a nisan kusan kilomita 36,000, kuma waɗannan ilektiron na lalata kayan lantarkinsu. Sannan Katsina na da matsayi na musamman. Ikwetan maganaɗisu, wato layin da filin duniya ke kwance ba ya karkata sama ko ƙasa, ya ratsa Najeriya ta kudu da mu, kuma a samansa, wajen kilomita 100 daga ƙasa, wani lantarki mai ƙarfi na gudana gabas da rana. An fara ganin tasirinsa a tashar Huancayo ta Peru, wadda aka buɗe a 1922, Sydney Chapman kuma ya raɗa masa sunan ilektirojet a 1951. Faɗinsa kamar kilomita 600 ne, Katsina da Daura kuma suna wajen bakinsa na arewa. Tashoshin auna maganaɗisu na MAGDAS da Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa a Legas da Ilorin da Abuja duk suna can kudu.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: sito a saman bene

Wurin farko da aka ajiye na'urar shi ne wani ƙaramin sito kusa da ɗakin gwaje-gwaje, a hawa na biyu. Dalilin zaɓen ba na kimiyya ba ne: ƙofar tana da kwaɗo mai kyau, kayan kuma na aro ne.

Ba a yi mako guda ba sai ga igiyoyi a zanen da kwamfuta ta fitar, manya, masu santsi, tsawon kaɗawarsu na yawo tsakanin daƙiƙa 30 da 60, wani lokaci ya miƙe ya kai 'yan mintoci. Girmansu ya haura nanotesla 5. Ya sauke bayanan iskar rana daga rumbun OMNI na hukumar NASA, wanda ke tattara awon kumbuna irin Wind da ACE da ke shawagi a nisan kilomita miliyan 1.5 tsakaninmu da rana, ya jera su gefe da gefe da nasa. Ba su gaisa ba ko kaɗan. Igiyoyin nasa suna nan da tsakar rana, suna nan da tsakar dare. Suna nan lokacin da iskar ke tafiya a hankali, suna nan lokacin da ta yi gudu. Sannan sukan ɓace ɗif na sa'o'i, su dawo kamar an kunna su.

Da ya kai wa mai duba aikinsa, Daktan ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "Malam, igiyar da ke tashi lokaci guda ta kuma mutu lokaci guda, ka fara nemanta a cikin ginin kafin ka je sararin samaniya." Ya umarce shi da ya sayi littafin rubutu, ya riƙa shigar da duk abin da ya faru a kusa da na'urar tare da lokacinsa. Da yake ba a makarantar yake kwana ba, sai ya roƙi maigadi: "Baba, don Allah duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka kawo da dare, ka duba agogo ka faɗa mani da safe." Bayan makonni biyu aka ɗora littafin kan zanen. Duk inda aka ɗauke wuta, igiyoyin sun mutu. Duk inda aka kawo, sun tashi. Inda aka tayar da janareta kuma, sun dawo da wata siffa dabam.

Yadda wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ta rikiɗe ta zama igiya mai daƙiƙa 50 abu ne da ya kamata duk mai wannan aiki ya fahimta. Akwatin naɗar yana leƙen na'urar ne sau ɗaya a daƙiƙa, ya ɗauki abin da ya tarar a wannan ƙiftawar. Da wutar gari tana kaɗawa daidai sau 50, kullum a wuri ɗaya zai riƙa tarar da ita, ba za a ga komai ba. To amma ba ta tsayawa daidai. In ta koma 50.02, kowane leƙe zai same ta ta ɗan gota gaba, sai bayan leƙe 50 ta dawo inda ta faro. Abin da zai fito a zane shi ne igiya mai tsawon daƙiƙa 50, wato Pc4 sak. In ta koma 50.03, sai a ga mai daƙiƙa 33, wato Pc3. In 50.005 ce, sai a ga mai daƙiƙa 200, Pc5. Irin abin da ke sa tayar babur mai gudu ta bayyana a bidiyon waya tana juyawa a hankali, ko ma tana komawa baya.

Littafin ya tona wani abu kuma. Akwai firij a ɗakin gwaje-gwajen, bango ɗaya tsakaninsa da na'urar. Duk lokacin da injinsa ya tashi, awon yakan yi tsalle ya tsaya, in ya mutu ya sauko. A ɗanyen awo tsallen a bayyane yake. Amma da zarar an tace shi da manhajar ware igiyoyin Pc5, sai kusurwoyinsa su goge ya koma kaɗawa mai kyan gani. Shi kuwa tun farko tataccen zanen kaɗai yake dubawa.

Fabrairu: gyare-gyaren cikin gini

Ya fara da ƙoƙarin cire wutar garin da manhaja. Bai yiwu ba, domin igiyar bogin ta riga ta zauna a daidai gurbin da ta gaskiya ke zama, duk abin da ya goge ɗaya zai goge ɗayar. Daga nan ya sa maƙeri ya haɗa masa akwatin ƙarfe ya rufe na'urar, da zaton zai tare hayaniyar. Ƙarfen ya karkatar da filin maganaɗisun da ake son aunawa, awon fuskoki ukun duk ya sauya, hayaniyar kuma ba ta tafi ba. Ya cire na'urar daga soket ya mayar da ita kan batir. Hakan ya rage wani abu kaɗan, amma wayoyin da ke cikin bango suna nan suna aikinsu.

Abu ɗaya ne ya yi tasiri a wannan watan. A cikin saitin akwatin akwai zaɓin da zai sa ya riƙa ɗaukar awo da yawa a cikin kowace daƙiƙa ya fitar da matsakaicinsu, maimakon leƙe ɗaya. Kaɗawa hamsin a daƙiƙa guda, rabinsu sama rabinsu ƙasa, sai su kashe juna. Igiyoyin bogin suka kwanta kusan gaba ɗaya. Firij da ƙofar ƙarfe da motocin da ke shiga harabar kuwa suna nan daram.

Maris: filin bayan makaranta

A farkon Maris aka fitar da na'urar waje, aka ɗaure ta a kan turken katako a bayan ajujuwa, aka yi mata 'yar rumfar zana. Azumi ya kama ranar 11 ga watan, zafi kuma ya fara tsananta.

Matsaloli biyu sababbi suka fito. Ta farko zafi ne. Irin wannan na'ura awonta na gocewa da sauyin zafi, tsakanin sanyin asuba da ƙunar azahar a Katsina kuwa tazarar ba ƙarama ba ce. Sai ya zama ba a iya bambance hawan da ilektirojet ke jawowa da rana da hawan da zafi ke jawowa, tunda kusan lokaci ɗaya suke tashi. Ta biyu ta fi muni: turken yana motsi. Lissafin mai sauƙi ne. A filin da ya haura nanotesla 30,000, in na'urar ta karkata da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ɗaya, karkatar da ido ba zai taɓa gani ba, awon ɗaya daga fuskokin zai sauya da kusan nanotesla 6. Abin da ake nema kuma bai cika ɗaya ba. Duk iskar da ta buga rumfar, duk akuyar da ta sosa jikinta da turken, sai ta bar sa hannunta a zanen. Ga Keke Napep da babura da ke bin hanyar bayan katanga. Bayanan watan nan ba a yi amfani da ko kwana ɗaya daga cikinsu ba.

Afrilu: rami a gona a ƙasar Daura

Bayan ƙaramar sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, ya ɗauki kayan zuwa gonar kawunsa a wani ƙauye a ƙasar Daura, tafiyar kamar kilomita 80 daga Katsina. Babu turakun lantarki a kusa, hanyar mota kuma tana da nisa.

Aka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya. A wannan zurfin sauyin zafin dare da rana kusan ba ya isa. Aka zuba dakalin siminti a ƙasansa ba tare da rodi ba, abin da sai da aka yi ta ja da maginin a kansa, domin a saninsa siminti ba rodi aikin banza ne. Aka zaunar da kan na'urar a dakalin cikin bututun roba mai faɗi, aka daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina, aka fuskantar da shi arewa, aka rufe bakin ramin da katako da buhunan yashi. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya, sai igiya da tagulla. Kowane abu kafin a kusantar da shi sai an gwada shi da ɗan maganaɗisun tsohuwar lasifika, in ya manne a mayar da shi.

Akwatin naɗar da batir da farantin sola aka kai su wata 'yar bukka mai nisan mita 30. Nan ma an yi tuntuɓe. A kwanakin farko awon yakan yi ƙananan tsalle-tsalle da hantsi, su ɓace da yamma. Wayoyin solar ne. Waya ɗaya mai ɗauke da amfiya ɗaya tana haifar da nanotesla 200 a nisan mita ɗaya, 20 a nisan mita goma, kuma mai haɗa solar ya ja wayar tafiya da ta dawowa a rarrabe, kowace ta bi gefenta. Da aka murɗe su tare kamar tufkar igiya, filayensu suka soke juna, tsallen ya tafi.

Kawun ya tsaya a kan aikin tun daga haƙa har rufewa. Da aka yi masa bayanin abin da na'urar ba ta so, sai ya ce, "Ɗana, in dai ƙarfe ne damuwarta, a yi mata darni a kewaye, kowa ya ajiye fartanyarsa a waje." Aka kafa darnin kara mai faɗin taku goma sha biyar ta kowane gefe. Littafin rubutun kuma aka danƙa shi ga wani ɗan kawun da ke sakandare, da sharaɗin ya rubuta lokacin duk wanda ya kusanci wurin, har da amalanke da mai waya a aljihu.

A cikin makon farko bayan gyaran wayoyin, zanen ya zama shiru irin wanda bai taɓa gani ba. Da rana fuskar arewa takan hau a hankali ta kai ƙololuwa wajen azahar ta sauko. A wasu darare kuma sai ga ɗan jerin kaɗawa mai tsawon minti ɗaya zuwa biyu kowace, ya taso da ƙarfi ya yi ta raguwa ya mutu cikin mintoci kaɗan. Siffar Pi2 ke nan, wadda ke fitowa lokacin da jelar magnetosfiya ta saki kuzarin da ta tara. Littafin ya nuna babu kowa a gonar a waɗannan lokuta.

10 ga Mayu: batun agogo

Duk da haka, daidaita awon da bayanan iskar rana ya ƙi. Kamar akwai alaƙa, amma tana gocewa.

Ranar Juma'a 10 ga Mayu 2024 tarin aman wuta da rana ta yi daga wani babban tabo mai lamba 3664 ya iso duniya. Guguwar maganaɗisun da ta biyo baya ta kai mataki na biyar, mafi girma a ma'aunin, karo na farko tun Oktoban 2003, ma'aunin Dst kuma, mai nuna yadda guguwa ta rage ƙarfin filin duniya, ya faɗi ƙasa da nanotesla −400 a daren. Ga wannan aikin, mintin farko ne ya fi amfani. Jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma agogon GMT, wato bayan ƙarfe 6 agogon Najeriya, kafin magariba, gaban guguwar ya danne magnetosfiya, awon fuskar arewa ya yi tsalle sama a tashoshin duniya kusan a lokaci guda. Na'urar da ke ramin ta kama tsallen sarai. Da ya kwatanta da tashar Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, wadda ke cikin haɗakar INTERMAGNET mai sakin bayananta kyauta, sai ya ga nasa tsallen ya makara da kusan minti huɗu. Agogon akwatin ne ke wuce lokaci tun ranar da aka saita shi a Afrilu. Ga igiya mai tsawon minti takwas, kuskuren minti huɗu ya isa ya mayar da tudu kwari.

Binciken lokacin ya fito da kuskure na biyu. Iskar rana na ɗaukar kamar sa'a ɗaya daga inda kumbunan suke zuwa duniya in tana gudun kilomita 400 a daƙiƙa, kusan rabin sa'a in ta kai 750. Ya san haka, shi ya sa yake ƙara wannan jinkiri a lissafinsa. Sai dai bayanan OMNI an riga an matsar da lokacinsu zuwa bakin magnetosfiya kafin a sake su. Wato sau biyu yake ƙarawa.

Aka haɗa wa akwatin ƙaramar na'urar GPS mai buga lokaci a kowace daƙiƙa, aka mayar da komai agogon GMT. Bayanan Afrilu kuma aka gyara lokacinsu ta hanyar raba mintoci huɗun a kan kwanakin da suka wuce.

Yuni zuwa Oktoba: damina, da sauya tambaya

Damina ta zo da nata. Walƙiya na barin tsinin allura a zanen, waɗanda ke da sauƙin ganewa da cirewa. Ruwa ya taɓa shiga ramin bayan wani mamako, aka yi asarar kwanaki kafin a ɗaga bakin bututun a yi masa tudu. Ranakun huɗa da shanu da garma duk an zubar da su bisa shaidar littafin.

Ƙa'idar da aka kafa daga nan ita ce, ba a karɓar wata kaɗawa a matsayin Pc5 sai ta bayyana a Tamanrasset a lokaci guda. Tashar tana arewa da mu da fiye da kilomita dubu, kusan a layi ɗaya, don haka rana na fitowa a wuraren biyu kusan tare, amma ba ta ƙarƙashin ilektirojet. Akuya ko amalanke ba za su motsa na'urori biyun tare ba. Awon minti-minti na tashar ya wadatar ga Pc5, bai wadatar ga Pc3 ba.

Da aka tace ta wannan hanya, sai wata matsala ta tunani ta bayyana. Yawancin abin da ya karanta kan Pc5 daga tashoshin Kanada da arewacin Turai ya fito. A can, idan gudun iskar rana ya haura kilomita 500 a daƙiƙa, tana goga gefen magnetosfiya ta tayar da tunƙura a kan iyakar, tunƙurar kuma ta sa dogayen layukan maganaɗisu da ke sauka a waɗannan ƙasashe su kama kaɗawa. David Southwood, da kuma Liu Chen tare da Akira Hasegawa, sun bayyana wannan a 1974. Shi ya sa ya yi ta jera igiyoyinsa da gudun iska. Amma layukan da ke ratsa Daura gajeru ne ƙwarai, ba sa yin nisa da saman duniya, ba za su kaɗa da jinkirin Pc5 ba. Abin da ke iso mana yawanci shi ne matsa da sakin da ake yi wa magnetosfiya baki ɗaya, ko lantarkin da ke gangarowa ta ayonosfiya, wato sashen saman iskar duniya mai cajin lantarki, daga can arewa. Ga shi kuma 2024 shekarar ƙololuwar zagayen rana ce, wato hawa da saukar ayyukanta da ke ɗaukar kusan shekara 11, kamar yadda NASA da NOAA suka sanar a Oktoba. Dogayen ranakun iska mai gudu daga ramukan korona, wato wuraren da ke buɗe a saman rana inda iskar ke fita da gudu, masu dawowa duk kwana 27, sun fi yawa ne a shekarun da zagayen ke sauka.

Daktan ya ba da shawarar a bar gudu a koma ga matsin iskar, wanda ya haɗa yawan ƙwayoyi da gudunsu, kuma yana cikin OMNI a shirye. A nan ne zanukan suka fara tafiya tare. A lokutan da matsin ya yi ta hawa da sauka cikin 'yan mintoci, fuskar arewa a Daura da Tamanrasset takan bi sahu, hawa da hawa, sauka da sauka. Ranar Alhamis 10 ga Oktoba, da wata babbar guguwar ta iso wajen la'asar, tsallen farko ya fito a tashoshin biyu a minti ɗaya.

Pc3 kuma da wata hanya aka gwada ta. Tushenta a gaban magnetosfiya yake, inda wasu furoton ke komawa baya su tayar da igiyoyi a cikin iskar da ke tahowa, kuma tana samun shigowa ne idan filin maganaɗisun iskar ya miƙe kusan daidai da layin rana da duniya. Valeria Troitskaya da abokan aikinta a Tarayyar Sobiyet sun nuna a farkon shekarun 1970 cewa saurin kaɗawarta na bin ƙarfin wannan fili: a ninka nanotesla sau shida a sami milihaz, wato yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa dubu. In filin nanotesla 5 ne, ana sa ran milihaz 30, wato daƙiƙa 33. A safiyoyin da ya ga ƙananan igiyoyi masu tsabta a ramin, ya lissafa abin da ake sa rai daga OMNI kafin ya auna nasa. Galibi sun zo kusa, kuma da dare ba a ganinsu.

Inda aka tsaya, da abin da nake gani

Rahoton da ya miƙa a ƙarshen shekara ya faɗi abu uku kawai: ana ganin Pi2 da dare a ƙasar Daura, Pc5 da ake gani ta fi bin matsin iskar rana fiye da gudunta, Pc3 ta rana kuma tana bin ƙarfin filin maganaɗisun iskar. A wasu ranaku igiyoyin Daura sun fi na Tamanrasset girma da tsakar rana, da dare kuma su yi kusan daidai, abin da ya dace da tasirin ilektirojet. Ya rubuta shi a matsayin abin lura, bai kira shi sakamako ba, kuma a ganina ya yi daidai. Tasha ɗaya a bakin ilektirojet, da awon 'yan watanni masu giɓi, ba za su ɗauki wannan nauyin ba.

Watanni huɗun farko ba ingancin na'urar ne ya cinye su ba, tunda ita ce dai ta yi aiki a ramin. An zaɓi wuri don tsaron kaya, an kuma amince da tataccen zane ba tare da an koma ga ɗanyen awo ba. Akwatin ƙarfe da gogewa da manhaja sun faɗi ne domin dukansu ƙoƙari ne na zama kusa da hayaniya a kuma rabu da ita, abin da ba ya yiwuwa idan abin da ake nema ya gaza kashi ɗaya cikin dubu talatin na abin da ake aunawa. Ramin ya yi aiki domin ya magance zafi da motsi da wutar gari a lokaci guda. Amma ni na fi ba littafin rubutun da tashar Tamanrasset muhimmanci, domin su ne kaɗai suka iya ce wa mai binciken a'a lokacin da zanen ke ce masa e. Da an fara da su tun Disamba, da igiyoyin siton ba su kai mako biyu ana zatonsu na sama ba ne. Kuskuren da ya fi wuyar ganewa kuwa shi ne na ɗauko tambayar Kanada a yi wa Daura, domin babu abin da zai nuna shi a awo, sai an zauna an yi tunanin inda layukan maganaɗisun wurin suke bi.

Na'urar tana ramin har lokacin da aka miƙa rahoton, an kuma nemi a tsawaita aron. Shirin da ke gaba shi ne a sami ta biyu a binne wajen Zariya, kusa da tsakiyar ilektirojet, da irin wannan rami da agogon GPS, a bar su biyun su shiga shekarun saukar zagayen rana, lokacin da za a sami isassun ranakun iska mai gudu da za a sake gwada tambayar gudun iskar da su.